Ƙaya a Tafin Baba

Asabar, 9 Rabi'ul Ahir 1401, bayan La'asar

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni ce na gaya wa Ustaza Lauratu. Ba Inna ba ce, ba Gwaggo Ƙaltume ba ce.

Tun jiya Inna take zargin Gwaggo, Gwaggo tana zargin maƙwabta, ni kuwa ina zaune tsakaninsu ina tsintar shinkafa.

Ga yadda aka yi. Na rubuta insha'i a madrasa mai suna "Hannun Babana". Na faɗi yadda Baba yake hawan dabino a gonakin Al-Awali da ke nan gefen Madina, da yadda kullum in ya dawo nake ɗaukar allura in cire masa ƙayoyin da suka karye a tafinsa. Shi ya zo na ɗaya a gasar makarantun 'yan mata. Sai Ustaza Lauratu ta zo gidanmu. Tana rubutu a shafin mata na wata jarida ta Jidda, kuma 'yar mutanenmu ce, kakanta da ƙafa ya zo daga Katsina. Ta gaida Inna da Hausa har da durƙusawa. Inna ta ji daɗi ta tafi dafa mata shayi. Da muka rage mu biyu sai ta dubi ƙofar da Inna ta bi, ta dube ni, ta taɓa gashina ta ce, "Ke kuwa wa kika ɗauko, habibti?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Ba su suka haife ni ba. Uwata Ba'indiya ce, tana kwance a maƙabartar Baƙi'a."

Na ɗauka maganar da aka yi da Hausa a cikin ɗaki a nan take zama. Jiya ta fito da Larabci, da manyan baƙaƙe, da sunan Baba da unguwarmu.

Da ajami nake rubuta wannan, yadda Baba ya koya mini, don Zenabu 'yar Gwaggo ba ta iya karanta shi. Ita ko da Hausa aka yi mata magana, da Larabci take amsawa.

Lahadi, 10, da sassafe

Su Inna ba su san na sani ba. Ina shekara tara na ji su da Gwaggo da rana, suna zaton barci nake yi.

Inna wanki take yi wa alhazai a wani masauki a unguwar Anbariyya. Akwai wata yarinya a cikin Indiyawa da jaririya, mijinta ya rasu a Mina. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ta miƙa wa Inna jaririyar da hannu, don ba mai jin yaren wani. Kwana uku ta cika. Mutanenta suka tafi kama jirgin ruwa, ba wanda ya waiwayo. Inna kuwa shekararta goma sha huɗu da aure ba haihuwa.

Shekara huɗu ina riƙe da wannan ban ce komai ba. Rana ɗaya wata ta taɓa mini gashi.

Lahadi, 10, bayan Azahar

"Ya Hindiyya, yi mana rawa." Sau uku yau yara suka ce mini haka a madrasa. Har da Zenabu a masu dariyar.

Laraba, 13, bayan Magariba

Lokacin aikin dabino ne, ana hawa ana sa wa macen furen namiji, shi ya sa Baba yake dawowa da ƙaya da yawa. Yau biyar na cire, ɗaya a gindin babban yatsa ta ƙi fita sai da na tona.

Ya ce, "A hankali, likita. An ce a jarida kin ce hannuna kamar bawon dabino yake. To yanzu duk Jidda ta sani Balarabe bai shafa mai."

Na yi dariya. Shi kaɗai ne a gidan bai tambayi wa ya faɗa ba. Ya ce da Inna, "Sabuwa, maganar da ta fita ta fita. Kin taɓa ganin an mai da dabino kan bishiya?"

Muna cikin haka aka buga ƙofa. Wani mutum ya kawo takarda. Ana neman Baba ranar Asabar a ofis, ya zo da hafizarsa, littafin da ake rubuta sunayen iyalin mutum. Baba ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya miƙo mini ɗaya hannun ya ce, "Ci gaba."

Asabar, 16, da Azahar

Baba ya dawo daga ofis. Bai ci abinci ba. Na buɗe hafizar yana salla. Ƙarƙashin sunan Inna, inda nake, an ja jan layi.

Lahadi, 17, bayan La'asar

Mudira, shugabar madrasarmu, ta kira ni ofishinta. Ba ta yi mini faɗa ba, har ta ba ni ruwa. Ta ce takardar yabon gasar tana nan a aljihun teburinta, amma ba za a ba ni ba sai an san sunan da za a rubuta. Ta ce ba a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba, na san ayar. Ta ce in ƙarasa wannan shekara, amma baɗi ba za a rubuta ni ba sai da takarda.

Ta ce, "Kina da tambaya, ya binti?"

Ina da ita. In an cire Balarabe daga sunana, "Hannun Babana" hannun wa ke nan? Na shanye ruwan na fito.

Jumma'a, 22, bayan sallar Jumma'a

Wani ya zo daga Jidda.

Inna ta gan shi ta labule sai ta zauna a ƙasa inda take. Ni ma na leƙa. Hancina ne a fuskarsa. Sunansa Abdulrauf, tela ne, shekararsa shida a Jidda. Wani mai kawo masa ɗinki ne ya karanta masa jaridar. Larabcinsa a karye yake, na Baba ma ba mai kyau ba ne, suka yi ta haɗawa da hannu. Ya ce ƙanwarsa Ruksana ta zo hajji shekara goma sha uku da suka wuce, waɗanda suka dawo suka ce ita da jaririyar duk sun rasu. Ya ce uwarsu har yau tana raye, kuma har yau ba ta yarda ba.

Baba ya ce in sa mayafi in kawo shayi. Na kawo. Mutumin ya dube ni, ya kai hularsa fuska ya yi ta kuka kamar yaro. Ya ce, "Nasrin." Na waiwaya in ga wa yake kira.

Ya bar halawa da hoton ƙanwarsa. Tana tsaye gaban wata ƙofa, kitsonta ɗaya ya sauko ta kafaɗa. Ba ta fi Ustazar lissafinmu girma ba.

Da ya tafi Gwaggo ta ce, "Wallahi na so in tsane shi. Amma mutum ya zo da kuka da halawa, ta ina za ki kama shi?"

Inna ta ce, "Ke kam in an ba ki halawa ko ni sai ki sayar."

Ba wanda ya ci halawar.

Asabar, 23, da hantsi

Ban je madrasa ba. Na ce cikina ke ciwo. Hoton yana ƙarƙashin katifa. Sau bakwai na ɗaga.

Talata, 26, bayan La'asar

Yau aka je mahkama, wato kotun shari'a. Zan rubuta yadda aka yi, don in na bari sai ya ruɗe mini.

Baba ya gaya wa alƙali cewa bai ɗauke ni haka kawai ba, ya bi shari'a. Inna ba ta da nono, amma a shekarar Gwaggo tana goyon Zenabu. Malaminmu na lokacin ya ce a ba Gwaggo ni ta shayar, in ƙanwar Baba ta shayar da ni Baba ya zama kawuna na nono, babu hijabi tsakanina da shi har abada. Aka yi haka a gaban mutum biyu.

Alƙali ya ce a kira Gwaggo. Ya ce, "Sau nawa kika shayar da ita?"

Gwaggo ta ce, "Ta sha ta ƙoshi, ya Shaihu, har ta yi gyatsa."

"Sau nawa?"

Na ga Inna ta taka mata ƙafa ta ƙarƙashin abaya. Gwaggo ta janye ƙafarta. Sannan ta ce, "Sau ɗaya."

Alƙali ya ce a wannan kotu sai sau biyar. Baba ya ce mu mabiya Imamu Malik ne tun kaka da kakanni, a wurin Malik sau ɗaya ya isa. Alƙali ya ce ya sani, kuma ba ya zargin Baba da mugun nufi, amma shi da abin da yake hukunci da shi zai yi hukunci. Ya ce mutumin Jidda kawuna ne na jini, shi ke da iko da ni. In ya so ya tafi da ni. In ya yarda in zauna wurin Inna sai in zauna, amma Baba ba muharramina ba ne, tunda na girma sai in rufe a gabansa.

A hanya Inna ba ta jira mun isa gida ba.

"Ƙaltume, ƙarya ɗaya! Duk ƙaryar da kike yi a kasuwa, ta yau ce ta gagare ki?"

"A garin Manzo, da rantsuwa a bakina? Sabuwa, ki ji tsoron Allah."

"To me ya hana ki ƙara ba ta tun a lokacin? Nonon ƙarewa zai yi?"

"Malam ya ce ɗaya ya isa! Da ya ce hamsin da na ba ta hamsin. Ga Malik nan kwance a Baƙi'a, ku je ku tashe shi ya yi musu bayani."

Sai ta fashe da kuka a tsakiyar titi. Ban taɓa ganin Gwaggo tana kuka ba. Baba yana gaba bai juyo ba.

Laraba, 27, bayan Magariba

Baba ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. A gidansa. Ya tsaya har Inna ta miƙo mini mayafi, sannan ya shigo.

Allurar tana hannuna, na riga na gasa ta a wuta. Ya gani. Ya ce, "Yau babu ƙaya, Sharifa." Ya wuce ɗaki hannunsa a dunƙule.

Alhamis, 28, bayan Magariba

Yau ma babu ƙaya.

Jumma'a, 29, bayan Magariba

Babu ƙaya. Na ji Inna tana gwadawa a ɗaki. Idonta bai gani sosai, yana cewa "ba nan ba, Sabuwa, fata kike tonawa."

Asabar, 1 Jimada Ula, bayan La'asar

Ustaza Lauratu ta dawo. Gwaggo ce ta buɗe mata.

"A'a, 'yar jarida! Sannu da zuwa. Yau me kika zo ɗauka? Tukunya ce ta rage mana."

Ustaza ta ce ta zo ba da haƙuri. Ta ce wallahi ta rubuta ne don duniya ta ga alherin da Inna ta yi, don a daina raina mutanenmu. Ta ce ta rubuta labarin marubuta da yawa da suka ci kyaututtuka, ba ta taɓa ganin wanda ya taɓa mutane kamar nawa ba, wasiƙu sun fi talatin. Ta ce in na rubuta wani insha'i a kan yadda nake ji, za ta buga, wataƙila wani babba ya gani ya sa baki.

Inna ta ce, "Mun gode, mun ga babba." Sannan ta ce, "Abu ɗaya nake so. Ki faɗa mini wanda ya gaya miki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Ustaza ba ta dube ni ba ko kaɗan. Ta ce, "Hajiya, na ji ne a gari."

Da za ta fita ta sa mini alƙalami a hannu, mai kyau, mai murfin zinariya. Ba na jin haushinta yadda ya kamata. Ita tambaya ta yi.

Litinin, 3, da Azahar

Hannun Baba na dama ya kumbura, gindin babban yatsa. Da hagu ya sha shayi. Duk da haka ya tafi gona, ya ce furen ba ya jiran kowa.

Ni daga bayan labule nake ganin hannun. Na san inda ƙayar take. Na san ta wane gefe za a shiga.

Laraba, 5, bayan La'asar

Ɗazu na ji Baba yana ce wa Inna, a Jidda akwai makarantar Indiyawa, kawunta zai sa ta a takardarsa, ta yi karatu har inda take so. Ya ce, "Yarinyar da ta ci Madina duka da alƙalami, mu ajiye ta tana tsintar shinkafa? Ba mu da abin ba ta yanzu, ko suna."

Inna ta ce, "To ka gaya mata da bakinka."

Bai gaya mini ba. Da na kawo ruwa sai ya tambaye ni ko an kira salla.

Jumma'a, 7, kafin Magariba

Kawu Abdulrauf ya dawo. Yau ne na fara rubuta masa kawu.

Ya roƙi a kai shi Baƙi'a. Shi da Baba suka shiga, ni da Inna muka tsaya a bakin katanga, tunda mata ba sa shiga. Babu suna a kan kowane kabari, duwatsu ne kawai da tattabaru. Inna ta nuna mini wani gefe ta ce, "Wajen can ne, inda rana ke faɗuwa a kan katangar. Duk shekara ina zuwa in gaya mata tsawonki." Ba ta tambaye ni yaushe na sani ba. Ta riƙe mini hannu har suka fito.

A gida Kawu ya ga Baba ya tsaya a ƙofa yana gyaran murya, ya ga na ja mayafi. Ya tambayi dalili, don ranar mahkama bai gane rabin abin da aka faɗa ba. Baba ya yi masa bayani da yatsu, ɗaya da biyar. Kawu ya riƙe baki. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "A ƙasarmu ma wahid. Wahid kafi." Su ma a wurin malamansu sau ɗaya ya isa.

Gwaggo ta ce, "Kun ji ko? Daga Kano har Indiya sau ɗaya, sai a nan ne nonona ya zama ruwa."

Har Baba sai da ya yi murmushi. Amma bai shigo ba sai da na rufe.

Kawu ya ce ba zai ɗauke ni da ƙarfi ba, ƙanwarsa da hannunta ta miƙa ni. Ya ce Jumma'a mai zuwa zai zo da mota. In na fito da akwati, zai kai ni makaranta, bayan shekara ya kai ni in ga kakata. In na fito ba akwati, zai sha shayi ya koma, ya riƙa zuwa. Ya ce kakata ta tsufa. Sau biyu ya faɗi haka.

Lahadi, 9, da sassafe

Ina son madrasa. Ina son ƙanshin littafi sabo. Ina so in ga tsohuwar da ta ƙi yarda na mutu. Na rubuta wannan don kada wata rana in ce ban so ba.

Litinin, 10, bayan La'asar

Inna ta sauko da akwatin ƙarfe ta goge shi, ta ajiye a ɗakina. A ciki ta sa turaren wuta da kuka da daddawa a ƙulle, wai ko zan yi marmarin miya. Wa zai dafa mini miyar kuka a can?

Hannun Baba ya fara ruwa. Jiya a kan mariƙin tsani ya kusa faɗowa, abokin aikinsa ne ya gaya wa Gwaggo.

Talata, 11, kafin Magariba

Yau na je wurin Mudira da kaina. Na ce takardar yabon ta bar ta a aljihun teburin. Ta ce har yaushe? Na ce ban sani ba.

Na rubuta wa kakata wasiƙa da Larabci, shafi huɗu, da alƙalamin Ustaza. Kawu zai juya mata. Na sa hotona na aji shida a ciki. Na ce mata ina raye, an riƙe ni da kyau, kuma in Allah ya ba ni takarda wata rana zan zo da ƙafata. Na roƙe ta ta yafe mini. Hoton uwata na mai da shi ƙarƙashin katifa.

Kukar da daddawar na mayar wa Inna cikin tukunyar da take ajiye su. Akwatin yana saman kwaba. Ba ta gani ba tukuna.

Baba shekara sittin yana salla yadda Malik ya ce, yana azumi yadda Malik ya ce. A gaban baƙi zan rufe, a titi zan rufe, in alƙali ya zo gidanmu ma zan rufe. Amma na sha nonon Gwaggo har na yi gyatsa, da shaidu biyu.

Zan fara gaya masa ni ce na faɗa wa Ustaza. In ya yi fushi ya yi, sai dai ya yi shi hannunsa yana cikin nawa.

Na gasa allura. Na dafa ruwa da gishiri. Mayafin yana rataye a ƙusa. Ga ƙarar motar da ke kawo su daga Al-Awali nan ta tsaya a bakin lungu. In ya yi gyaran murya, ni zan buɗe.